Babin da Na Tsallake

Kun tashi kuna ganin Gwaggonku Hadiza tana jan ƙafar hagu, kuma abin da aka gaya muku shi ne ta ƙone wajen aikin sabulu. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma ba a gaya muku inda hannuna yake a cikin maganar ba. Yanzu da Allah Ya karɓi ranta, ni ma na ajiye alli, ina so ku ji daga bakina, don na lura kowannenku da labarin da ya haɗa wa kansa game da shekarar nan. Amina tana ganin taurin kai ne ya hana ni tafiya ƙasar waje. Usman kuwa na taɓa jin yana gaya wa abokinsa cewa makirci aka yi mini a jami'a, shi ya sa na yi ritaya ban zama farfesa ba. Babu wanda ya yi mini makirci. Ga yadda abin ya faru.

A lokacin ina koyarwa a sashen injiniyancin sinadarai, inda ake horar da waɗanda za su yi aiki a matatun mai da masana'antun taki da siminti da sabulu. A cikin darussan 'yan aji uku akwai wani da ɗalibai ke kira matiriyal. Darasi ne a kan kayan da ake ƙera abubuwa da su, ƙarfe iri-iri da yumɓu da gilashi da roba: me ya sa wannan yake lanƙwasa wancan yake karyewa, wanne ne yake jure zafi, wanne ne ruwan sinadari yake cinyewa. Duk abin da injiniya zai dafa a masana'anta sai ya zuba shi a cikin wani mazubi, ya bi da shi ta wani bututu, saboda haka da wuya a sami darasin da ya fi shi kusa da lafiyar mutane. Amma a sashenmu ba haka ake kallonsa ba. Kaya ne da ake ɗora wa ƙaramin malami har wani ƙaramin ya zo ya karɓe shi. Ɗalibai hankalinsu yana kan tace man fetur, ni ma can nawa yake. Na gaji wani tsohon littafin rubutu daga wanda ya riga ni, babi tara ne a cikinsa. In shiga aji in karanta su rubuta, in zana a allo su kwafa, lokaci na cika in kakkaɓe hannuna in fita.

Wata shekara aka yi dogon yajin aiki. Da aka koma, zangon karatu ya tsuke, kowane malami yana gudu da nasa darasin. Na kai babi na takwas ranar ƙarshe kafin jarrabawa. Babi na tara shi ne na tsatsa da cin ƙarfe, wato yadda ruwa da gishiri da asid da soda ke zaizaye mazubi. Wani ɗalibi mai suna Kabiru, wanda kullum yake zama a layin gaba, ya ɗaga hannu.

"Malam, saura babi ɗaya. Yaushe za mu yi shi?"

Na ce, "Ku bar shi. Ba zai fito a jarrabawa ba."

Aji ya ɗauki tafi. Na tuna har murmushi na yi. Kabiru ne ya zo na ɗaya a darasin, kuma makin da na ba shi ya ci shi da guminsa, don duk abin da na karanta musu ya mayar mini da shi ba kuskure.

Bayan kamar shekara uku, Kabiru ya gama karatu da bautar ƙasa, ya sami aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa sana'o'in mata a karkara. Sai aka tura shi yankin Kunci, har ƙauyenmu. Kun san garin, gona tana manne da gona, ba fili ko kaɗan da ake bari ya huta, daga gero sai dawa sai gyaɗa da wake a tsakaninsu, shingen lalle ne kawai ke nuna iyakar wannan da wancan. A irin wannan wuri gonar gado ba ta ciyar da gida ita kaɗai, dole mace ta riƙe sana'a. Yaya Hadiza mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da 'yar gonar da ba ta kai su ko bazara. Ita da wasu mata takwas suka haɗu suna yin sabulun wanki da man alayyadi da soda, ana kai musu kasuwannin ƙauye. A rabin ganga suke dafawa, irin ta baƙin ƙarfe. Tana da nauyi, tana tsatsa idan an bar ta da ruwa, jan tsatsar kuma yana ɓata musu launin sabulu. Kabiru ya ga wahalarsu, ya zauna ya zana musu babbar tukunya mai ƙafafu uku da famfo a gindi, ya kai wa masu walda a Kano suka ƙera ta da farantin alminiyam, wanda mutanenmu ke kira dalma. Dalilansa masu kyau ne, kuma duk daga littafina ya ɗauko su: dalma ba ta da nauyi, tana ɗaukar zafi da sauri, ba ta yin jan tsatsa. Da mutanen gari suka ji cewa ɗalibina ne, sai suka karɓe shi kamar ɗan gida.

Ni a lokacin hankalina gaba ɗaya yana kan wasu takardu. Ina neman gurbin bincike na shekara biyu a wata jami'a ta ƙasar waje, a fannin tace mai, wanda duk wanda ya samu a sashenmu ya dawo hanyar farfesa ta buɗe masa. Ana cikin haka Yaya Hadiza ta zo Kano suna, bayan kaka, ta kwana biyu a gidanmu. Da safe ina kan tebur ina cika fom, ta shigo da kofin kokonta ta zauna a tabarma.

"Sani, tukunyar nan da yaronka ya yi mana, wani abu take yi."

Ban ɗaga kai ba na ce, "Me take yi, Yaya?"

"Da mun zuba ruwan soda sai ta kama tsuwwa tana kumfa, tun ba a hura wuta ba. Kuma sabulun yana fitowa toka-toka. Da za ka zo ka duba mana."

"Sabuwa ce, za ta daina. Kabiru ne ya fi kowa maki a ajinsu, ya san abin da yake yi. In na gama da takardun nan zan shigo."

Ta ce, "To, Allah Ya kai mu," ta shanye kokonta.

Tambaya ɗaya ce ta kamata in yi mata: da me aka ƙera tukunyar? Da na yi, da ta ce dalma, da a take na tashi tsaye, domin duk wanda ya san aikin nan ya san soda tana cin dalma kamar yadda gara ke cin kara. Kumfar da ta gani ƙarfen ne yake narkewa, tokar da ke cikin sabulun kuma jikin tukunyar ne. Ta kawo mini alamomin duka har kan teburina, ni kuwa ina neman inda zan rubuta lambar fasfo.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsi, tana tsaye tana juya sabulu da muciya, gindin tukunyar ya ɓalle ta wajen famfon. Tafasasshen mai da soda suka kwarara a ƙafarta ta hagu, daga gwiwa zuwa tafi. Matan da ke wurin suka yi abin da suka sani game da ƙuna, suka shafa mata man shanu suka ɗaure da zane. Ruwa ya kamata a yi ta kwarara mata, mai yawa, na tsawon lokaci, amma babu wanda ya taɓa gaya musu. Kafin a sami mota a kawo ta asibiti a Kano, sodar ta ci nama ta kai jijiya. Wata biyu ta yi a kwance.

Washegarin ranar da ta ƙone na tafi ƙauye na ga tukunyar. An jingine ta a bayan rumbu. Daga waje tana ƙyalli kamar sabuwa. Na leƙa ciki na ga gindin ya yi huji-huji kamar rariya, na sa yatsa na danna, yatsan ya wuce. Na dawo Kano raina a ɓace, na tarar da Kabiru a barandar asibiti, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da take. A gaban 'yan'uwa da surukai na tsaya a kansa.

"Kai injiniya ne? Yaya za a yi ka zuba soda a alminiyam? Wannan ko ɗan aji uku ya sani!"

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan jima, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kuskurena ne, Malam."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ƙungiyar ta sallame shi. Dangin mijin Yaya suka so kai shi wajen 'yan sanda, mai gari ya shiga tsakani aka bar maganar. Amma sunansa ya ɓaci a yankin, ya tattara kayansa ya tafi.

Ni kuwa kalmar nan da na faɗa, ko ɗan aji uku ya sani, ita ta hana ni sukuni. Bayan kwana biyu na shiga ofis na buɗe durowar ƙasa, na zaro tsohon littafin nan da rajistar darasi ta shekarar su Kabiru. Ina da ɗabi'ar rubuta abin da na koyar kowace rana. Layin ƙarshe ya ce babi na takwas. Na buɗe babi na tara, a shafi na biyu ga jadawali, ga alminiyam, a gabansa an rubuta cewa kada a haɗa shi da soda ko makamancinta. Layi ɗaya ne. Minti biyar ya ishe ni in karanta musu shi. Na rufe littafin na mayar da shi durowa, ban gaya wa kowa ba. Wannan shirun shi ne abin da ya fi komai ba ni kunya a rayuwata, kuma shekara biyu na yi ina riƙe da shi.

Yaya tana asibiti wasiƙar ƙasar waje ta iso. An ɗauke ni. Shugaban sashenmu, dattijo ne mai son ci gabana, ya kira ni ofishinsa yana fara'a, ya ce har ya sami sabon ƙaramin malamin da zai karɓi matiriyal, yaro ne da bai daɗe da gama digiri na biyu ba, in miƙa masa littafin kawai. Da na ji ya ce in miƙa littafin sai na ga abin da zai faru ƙarara. Sabon malamin zai karanta su rubuta, wata shekara lokaci zai ƙure masa, kuma babin ƙarshe ne zai tafi, don shi ne na ƙarshe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a bar mini darasin. Tafiyar kuma na fasa."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Dakta Sani, ka san me kake faɗa? Wannan gurbin ba ya dawowa. Saboda matiriyal?"

"Saboda shi."

"Na ji abin da ya sami 'yar'uwarka, Allah Ya ba ta lafiya. Amma kada ka yanke hukunci kana cikin ɓacin rai. Je ka yi mako guda."

Na yi makon, na dawo da amsa ɗaya. Ya girgiza kai ya sa hannu.

A gida abin bai zo da sauƙi haka ba. Mahaifiyarku ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta, har ta fara tambayar irin rigunan sanyin da za a saya muku. Lokacin muna ɗaki biyu a gidan haya, Amina tana aji biyu na firamare, Usman yana goye. Na gaya mata bayan la'asar tana tsince shinkafa a tire. Ba ta daina tsincewa ba.

"Baban Amina, zamanka zai mayar wa Yaya da ƙafarta?"

"A'a."

"To tafiyarka ce za ta ƙara ƙona ta?"

"A'a."

"To me ke nan? Kai ka ƙera tukunyar?"

Na kawar da kai. Ta ɗago ta dube ni sosai, irin kallon da kuka sani.

"Akwai abin da ba ka faɗa ba. Ba zan matsa maka ba. Amma ka sani ba kai kaɗai ka fasa tafiyar nan ba, har da ni da yaran nan ka fasa wa, kuma ba ka shawarce mu ba."

Gaskiya ta faɗa. Ta ci gaba da dafa mini abinci da wanke mini kaya, amma hira ta mutu a tsakaninmu har bayan babbar salla. Idan akwai wanda ya kamata ku ji tausayinsa a wannan shekara bayan Gwaggonku, ita ce.

Da zango ya zagayo na juya darasin. Babi na tara ya koma na ɗaya. Ranar farko na shigo da kwalabe da bokiti, na haɗa ruwan soda a gabansu, na yanki ɗan guntun alminiyam na jefa a kwalba ɗaya, na jefa ƙusa ta baƙin ƙarfe a ɗaya. Cikin ɗan lokaci kwalbar farko ta kama tsuwwa tana kumfa, ta yi zafi, ƙusa kuwa tana kwance abinta. Kafin a tashi guntun ya zama kamar ganye. Ba wanda ya rubuta komai a ajin, kuma ban damu ba. Na ce musu daga yau duk mazubin da aka nuna muku, ko a masana'anta ko a madafin gidanku, ku fara tambayar da me aka yi shi da kuma me za a zuba a ciki. Na sa kowane ɗalibi ya kawo mini abu ɗaya da ya lalace daga garinsu, ya bayyana wa aji dalilin lalacewarsa. Wani ya kawo kwanon rufi daga ɗakin da babansa ke ajiye takin zamani, ya huje tun bai shekara uku ba alhali na ɗakin kwana yana nan lafiya. Wata ta kawo tiyon ban-ruwa da rana ta busar har yana karyewa kamar ƙuliƙuli. Aka kawo bakin fartanya da ya tsage, da kofin gilashi da ya fashe don an zuba masa tafasasshen shayi da sanyin safiya. Ofishina ya koma kamar wajen 'yan gwangwan, har masu shara suka kai ƙara. A jarrabawa na jera irin waɗannan abubuwa a tebur, kowa ya zo ya ɗauka ya juya ya rubuta abin da ya cinye su da abin da ya kamata a yi amfani da shi. Waɗanda suka saba da hadda suka faɗi da yawa. Suka rubuta takardar koke, aka kafa kwamiti, na zauna a gabansa sau uku. Ba a same ni da laifi ba, amma an shawarce ni in sassauta, kuma daga nan aka san ni a matsayin malamin da ke wahalar da kansa a kan ƙaramin darasi.

A zango na biyu na nemi motar jami'a na kwashi ajin zuwa karkara. Mun tsaya wajen masu ginin tukwane a Dawakin Tofa, inda wata tsohuwa ta nuna musu yadda take daka fasassun tukwane ta cuɗa garin a cikin sabon yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Mun wuce maƙera a garinmu, suka ga yadda ake tsoma jan ƙarfe a ruwa ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi saurin karyewa. Duk wannan yana cikin littattafansu da sunaye na Turanci, amma ba su taɓa ganinsa da ido ba. Daga ƙarshe na kai su gidan Yaya Hadiza. Na roƙe ta tun kafin ranar, ta ce in dai zai hana a ƙona wata, su zo. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno a gindin darbejiya, aka fito da tukunyar aka ajiye a gabanta, ta ba su labari ba tare da ƙari ba, sannan ta ɗan ɗaga zanenta zuwa gwiwa suka gani. Wata ɗaliba mai suna Maryam, mai yawan tambaya, ta matso.

"Inna, ki yi haƙuri. Tunda kun ga tana kumfa, sabulun ma ya canja, me ya sa ba ku daina amfani da ita ba?"

Yaya ta ce, "'Yata, mun gani, mun kuma san ba daidai ba ne. Shekara nawa muna sabulu. Amma injiniya ne ya yi ta, da takarda da awo. Mu su wa da za mu ce ya yi kuskure? Sai muka ce mu ne ba mu iya amfani da ita ba."

A hanyar komawa Kano ba a yi waƙa da surutun da aka yi da safe ba. Na ji wannan amsa ta koya musu abin da ni ban iya faɗa ba, cewa ranar da aka fara kiransu injiniya mutane za su ajiye abin da idonsu ya gani su bi maganarsu.

Shekaru suka ci gaba a haka. Ƙarin girma a jami'a da takardun bincike ake samunsa, waɗanda aka buga a manyan mujallu. Ni lokacina ya tafi a kwalabe da tafiye-tafiye da duba aikin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, 'yan rubuce-rubucen da na yi a kan tukwanen sabulu da rumbunan taki kuma ba su da nauyi a ma'aunin masu tantancewa. Kada in ɗora komai a kan darasin, ni ma na yi sanyi wajen rubutu, da na matsa da na yi fiye da haka. Waɗanda muka fara aiki tare suka wuce ni, har wasu da na koyar suka zama shugabannina. Na yi ritaya ina babban malami, kuma abin da na cancanta ke nan bisa ƙa'idarsu.

Saura maganar Kabiru. Shekara biyu bayan abin, wani abokin karatunsa ya gaya mini yana shagon kawunsa na kayan gini a Kano, ya bar aikin injiniya gaba ɗaya. Na yi kwanaki ina zagaye titin a mota kafin in iya tsayawa. Na same shi yana ɗora wa wani buhunan siminti a kura. Da ya gan ni ya goge hannunsa a riga ya rusuna, ya jawo mini benci.

Na ce, "Kabiru, na zo in gaya maka wani abu ne. Ranar da na yi maka faɗa a asibiti, na zalunce ka. Maganar soda da alminiyam tana babi na tara. Ban koya muku shi ba. Kai ne ma ka tambaye ni, na ce ku bar shi."

Ya ce, "Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"Ranar da abin ya faru na koma gida na buɗe littafina daga farko har ƙarshe, ina neman inda na manta. Na ga a na takwas muka tsaya."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, ina tsaye a kanka a gaban mutane?"

"Kai malamina ne, kuma 'yar'uwarka ce a kwance. Kuma ai ka ce ba zai fito a jarrabawa ba, ba ka ce kada mu karanta ba. Ni ne na ƙera abu ban bincika ba."

Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar nan a kan bencin nan ba. Na ce masa rabonsa na laifin yana nan, ba zan ɗauke masa ba, amma nawa ya fi girma, kuma a gaban mutane na ɗora masa, saboda haka a gaban mutane zan sauke. Da farko ya ƙi. Na yi ta komawa har ya yarda. A ranar da za mu tafi ƙauye ni da shi na gaya wa mahaifiyarku komai. Ta saurara har na gama, ta ce, "Da ka faɗa tun a lokacin, da na taya ka ɗauka," ta shiga ɗaki ta fito mini da hular da zan sa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zauren mai gari, da dangin mijin Yaya da mazan matan da ke yin sabulu tare da ita. Na faɗi abin da na gaya muku a nan, har da maganar da Yaya ta kawo mini gida ban saurara ba. Wasu suka ce ƙaddara ce a bar ta, wani ƙanin mijinta ya tashi ya miƙa wa Kabiru hannu. Daga nan ni da Kabiru muka wuce gidan Yaya, muka shiga wajenta. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na maimaita mata, na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Shi wannan na yafe masa tun ina asibiti, don bai sani ba. Kai ka sani, Sani. Na taka har gidanka na gaya maka, ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ba ni lokaci."

Na ce na ba ta. Kafin mu tafi ta sa Kabiru ya duba rabin gangar da suka koma amfani da ita, shi kuma daga baya ya zana musu wata tukunyar ta baƙin ƙarfe mai kauri, ya kawo mini zanen na duba layi-layi kafin a kai wa mai walda. Bayan shekara ya sami aiki a wata masana'antar sabulu, yana can har yanzu, shi ne mai kula da tankunansu.

Lokacin da Yaya ta nema ya kai shekara shida. Ina zuwa duk wata, muna gaisawa, muna hira, tana ba ni tsaraba, ban ƙara tayar da maganar ba. Wata rana bayan ƙaramar salla na yi mata sallama zan koma Kano, ta biyo ni har bakin mota tana dogara sanda, ana sa mini buhun gyaɗa a but. Na buɗe ƙofa ke nan ta ce,

"Af, Sani. Maganar nan, na yafe."

Na juyo zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Ka dai dawo mini da buhun in ka juye, na aro ne."